Yadda Ake Zuwa Estes Park a Kolorado: Tikiti, Turba, Dabbobi da Tsohon Gari

Da zarar an shiga watan Mayu wayata ba ta hutawa. Ɗalibanmu da ke karatu a wasu jihohin Amurka, masu baƙi daga gida da suka zo bikin yaye ɗa, har da maƙwabtana na nan Aurora, kusa da Denver babban birnin Kolorado, da suka shekara goma suna hangen duwatsun ta taga ba su taɓa hawa ba, tambayarsu ɗaya ce: "Malam, garin nan da dabbobi ke yawo a kan titi, ta ina ake zuwa, kuma nawa zai ci?" Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Estes Park ƙaramin gari ne, mazaunansa ba su cika dubu 6 ba a ƙidayar 2020. Amma shi ne ƙofar gabas ta gandun dajin Rocky Mountain, wanda sama da mutum miliyan 4 ke shiga a shekara. Duk wahalar tafiyar daga nan ta samo asali: wuri kaɗan, jama'a jingim. Wanda ya san Yankari ya cire tsarin can daga ransa. A nan babu mai ɗaukarka a motar gandu ya zagaya da kai. Kai ne direba, kai ne ɗan jagora, kuma agogo ne ubangidanka.

1. Fara da zaɓen wata

Daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta komai a buɗe yake, turbobi sun bushe, furanni sun fito. Amma a lokacin ne masauki ya fi tsada, kuma kusan kullum hadari kan haɗu bayan azahar.

In da ni za a tambaya, tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba zan ce. Ganyen bishiyar aspen ya koma ruwan ɗorawa, yara sun koma makaranta, kuma lokacin barbarar elk ne, wata ƙatuwar barewa, suna saukowa fili ɗaruruwa. Sai dai a zaɓi Talata zuwa Alhamis. Asabar da Lahadin ƙarshen Satumba, musamman makon bikin Elk Fest, garin ba ya shiguwa.

Gargaɗi: Afrilu da farkon Mayu suna yaudarar baƙo. A Denver ana yawo da riga mai gajeren hannu, a can sama kuwa dusar ƙanƙara ta rufe turba har gwiwa. Babbar hanyar kan dutse, Trail Ridge Road, ba a buɗe ta sai wajen ƙarshen Mayu, kuma a kan rufe ta a tsakiyar Oktoba.

2. Ka san jininka kafin ka sayi tikiti

Wannan matakin ya shafe mu fiye da sauran masu zuwa, don haka zan tsaya a kansa. Jos da muke yi wa kirarin sanyi tsayinta kusan mita 1,200 ne daga teku. Denver tana kan mita 1,609. Shi kansa garin Estes Park yana kan mita 2,293, wato inda za ka shimfiɗa kai ka kwana ya kusa kai ƙololuwar Chappal Waddi ta Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Daga nan kuma hawa za a ci gaba da yi har mita 3,713.

Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Mai cikakkiyar lafiya ma yakan ji ciwon kai, haki, tashin zuciya da rashin barci a daren farko. Ga mai sikila, wato SS ko SC, lamarin ya wuce nan, kada ya taka sai likitansa ya amince. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mai AS ma, wanda bai taɓa kwanciya saboda jininsa ba, saifarsa na iya toshewa a irin wannan tsayi. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Ryan Clark yana da AS, kuma bayan wani wasa a Denver a 2007 sai da aka cire masa saifa. A Denver fa, ba a kan dutse ba. Mu kuwa kusan kowane gida akwai mai AS.

Don haka mai AS, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko asma, da mai juna biyu, su fara ganin likita. Kowa da kowa kuma ya kwana ɗaya ko biyu a Denver ko Boulder kafin ya hau, ya riƙa shan ruwa fiye da yadda ya saba.

Gargaɗi: ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, haki ko ana zaune, tari mai kumfa, ko mutum ya fara tangaɗi yana shirme, ba abin shan fanadol a kwanta ba ne. A sauko da shi ƙasa nan take, a kira 911. Akwai asibiti a cikin garin.

3. Kuɗin shiga da izinin lokaci: abu biyu ne daban

Nan ne aka fi yin asara, kuma ni ma na yi. Zuwana na farko da baƙi, mun yi karin kumallo a natse, muka isa ƙofar Beaver Meadows wajen ƙarfe goma, ina riƙe da katin banki ina jin na gama shiri. Ma'aikaciyar ta tambaye ni izinin lokaci, na ce wane iri? Cikin fara'a ta nuna min inda zan juya mota. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Sai bayan ƙarfe biyu muka shiga, muna shiga ruwa ya sauko.

Abu na farko shi ne kuɗin ƙofa: dala 30 kowace mota na kwana ɗaya, dala 35 na kwana bakwai. Ɗauki na kwana bakwai kawai. Ba sa karɓar tsabar kuɗi tun 2023, sai kati, kuma ka tabbatar katin yana biya da dala kafin ka shiga layi.

Daga 1 ga Janairun 2026 an ƙara wani abu da ya shafi masu baƙi daga gida. Duk wanda ba mazaunin Amurka ba ne, in ya kai shekara 16, zai biya ƙarin dala 100 a manyan gandaye 11, kuma Rocky Mountain na cikinsu. Katin shekara na mazauni dala 80 ne, na wanda ba mazauni ba dala 250, kuma kati ɗaya yana ɗauke wa duk waɗanda ke cikin motar. Lissafin a fili yake: baƙi manya biyu, 35 da 200 sun zama 235. Baƙi uku, 335, ka ga katin shekarar ya fi sauƙi. Mazauni ya riƙe shaidarsa a hannu, lasin tuƙi na jiha ko katin zama.

Abu na biyu shi ne izinin lokaci, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Oktoba. A shafin Recreation.gov ake sayensa, dala 2, ba a sayar da shi a ƙofa. Iri biyu ne. Akwai wanda ya haɗa da hanyar tafkin Bear Lake, ana buƙatarsa daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 6 na yamma. Akwai na sauran gandun ban da wannan hanya, daga 9 na safe zuwa 2 na rana. Kowane izini yana ba ka tazarar awa biyu da za ka shiga a cikinta. In ka shiga, zamanka har dare ba mai tambayarka.

Yadda za ka yi:

- Buɗe asusu a shafin tun kafin ranar sayarwa, ka shigar da katinka.
- A kan saki izinin wata mai zuwa ran 1 ga wata da ƙarfe 8 na safe agogon Kolorado. Mai son zuwa a Agusta ya zauna gaban waya ran 1 ga Yuli.
- Nemi mai haɗe da Bear Lake, na lokutan sassafe. Su ne ke fara ƙarewa.
- In ka rasa, ana sakin wani kaso da ƙarfe 7 na yammacin jajibirin ranar. Minti kaɗan yake ɗauka.
- Ɗauki hoton takardar a wayarka. A bakin ƙofa sabis yakan ɗauke.

Wanda ya rasa duka bai rasa tafiya ba. Ya shiga kafin ƙarfe 9, ko kafin 5 in Bear Lake yake so. Mu da muka saba tashin asuba wannan ba abin tsoro ba ne.

4. Masauki

A kama shi tare da izini, ko ma kafinsa. A watan Yuli da wuya ka sami ɗaki mai kyau ƙasa da dala 200 a dare, ga haraji a kai. Iyali su nemi ƙaramin gidan katako mai kicin, irin na bakin kogin Fall River ko na YMCA of the Rockies, domin girkin kanku zai rage kusan rabin kuɗin abinci, kuma ya raba ku da tambayar me aka sa a miya. Masu ƙaramin aljihu su kwana a Loveland ko Longmont, su yi sammako na kusan minti 45 zuwa awa ɗaya. Dare uku shi ne daidai. Zuwa da komawa a yini ɗaya yana yiwuwa, amma mota za ka fi gani.

5. Mota da hanya

Daga filin jirgin Denver zuwa garin kusan kilomita 120 ne, awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Ƙaramar mota ta isa a watannin zafi, duk manyan hanyoyin kwalta ne. Kamfanonin haya sukan ƙara kuɗi ga direban da bai kai shekara 25 ba.

Hanya biyu ce mafi sauƙi. US 36 ta bi ta Boulder da Lyons, ita ce mafi kusa. US 34 ta bi ta Loveland ta kutsa cikin kwazazzabon kogin Big Thompson, ta fi kyan gani. Ni nakan tafi ta ɗaya in dawo ta ɗaya.

Gargaɗi: taswirar waya za ta so jefa ka kan E-470 daga filin jirgi. Hanyar kuɗi ce marar shinge, kyamara ke ɗaukar lambar mota. Na taɓa bi da motar haya ban sani ba, bayan mako uku kamfanin ya cire kuɗin hanyar ya ɗora nasa ladan a kai, wanda ya fi na hanyar yawa. Ka saita wayar ta kauce wa hanyoyin biya.

Gargaɗi na biyu: a cikin kwazazzabon za ka ga alluna suna cewa in ambaliya ta taso a bar mota a hau dutse. Ba ado ba ne. Ambaliyar 31 ga Yulin 1976 ta kashe sama da mutum 140 a wurin, da yawansu a cikin motoci suna ƙoƙarin tsere wa ruwa.

Wanda ba shi da mota, akwai bas ɗin Bustang da ke tashi daga Union Station a Denver ranakun Asabar da Lahadi a watannin zafi, kuma a cikin gari akwai motocin jigila kyauta.

Kafin ka bar Denver ko Aurora ka sayi naman halal da kayan miya, a can sama babban kanti kawai za ka samu. In Juma'a ce, yi sallarka a masallacin Boulder, yana kan hanyarka. Nisan ya wuce na kasaru. Kuma kada ka tsaya ka fuskanci gabas yadda muka saba a gida, alƙibla a Kolorado arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa.

6. Abin da za a zuba a jaka

Rigar sanyi mai kauri ko da a Yuli, rigar ruwa, kambas mai ƙarfin tafi da safa, hula, man kare fata. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna, ranar can sama ta sha ɗaye wa mutanenmu hanci da leɓe. Ruwa lita 2 kowane mutum, dabino, gyaɗa, ƙilishi in akwai. Madubin hangen nesa in za ka iya aro. Mata su sa wando a ƙarƙashin abaya, su ɗaure mayafi da kyau, iskar kan dutse ba ta da kunya.

Sai buta. Bayin da ke bakin turbobi galibi rami ne marar famfo. Roba guda ta ruwa daban a bayan mota za ta raba ka da takaici, ita ce kuma ta alwala. Ruwan rafi kuwa, duk yadda ya kai da haske, ba a shansa ba a tace ba, yana ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

7. Rana ta farko: kada ka hau ko'ina

Sannu ba ta hana zuwa. Ranar isowa ta barin jiki ya saba ce. Ajiye mota a benen ajiye motoci da ke kusa da ofishin baƙi na garin, kyauta ne, alhali a tsakiyar gari biya ake yi a watannin zafi, wurin ma ba ya samuwa. Shiga ofishin ka karɓi taswirar takarda.

Daga nan turbar tafkin Lake Estes take farawa, zagaye ne na kusan kilomita 6, shimfiɗaɗɗe, keken jariri ma yana bi. Ba ta cikin gandu, don haka ba tikiti ba izini. Sau da yawa a nan baƙo yake fara ganin elk, kwance a filin wasan golf kamar shanun Fulani sun sami makiyaya. In ka zagaya rabi ka ji numfashinka daidai, gobe za ka iya hawa. In kanka na sarawa, ƙara kwana a ƙasa.

8. Rana ta biyu: hanyar Bear Lake

Da sanyin safiya ake kama fara. Yi sallar asuba, sha shayi, ka kasance a ƙofa da buɗewar lokacinka. A ƙarshen Yuni rana na fitowa wajen 5:30, a Satumba wajen 6:45. Wurin ajiye mota na Bear Lake yakan cika tun da sassafe. In allo ya nuna ya cika, kada ka yi gardama da shi, tsaya a babban filin Park & Ride ka hau bas ɗin gandu, kyauta ne kuma yana zuwa a kai a kai.

Turbobin, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya:

Sprague Lake zagaye ne da bai wuce kilomita ɗaya da ɗoriya ba, a miƙe yake. Nan nake kai tsofaffi. Da sassafe ruwan yakan kwanta lumui, duwatsun su fito a cikinsa a kife, kuma a kan dace da mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai dogayen ƙafafu, yana cin ciyawar ruwa.

Bear Lake kansa yana kan mita 2,888, zagayensa kusan kilomita ɗaya.

Alberta Falls, inda ruwa ke faɗowa tsakanin duwatsu, kusan kilomita 2.6 ne zuwa da dawowa daga bakin turbar Glacier Gorge. Yara suna iyawa.

Wadda na fi so ita ce mai tafki uku. Daga Bear Lake ka hau zuwa Nymph Lake mai cike da bado, ka wuce Dream Lake, ka ƙare a Emerald Lake a gindin wani bangon dutse da dusar ƙanƙara ba ta barinsa. Zuwa da dawowa bai cika kilomita 6 ba, hawan kusan mita 200. A takarda wasa ne. A ƙafa kuwa, matakalan da ke tsakanin tafki na farko da na biyu sun sha zaunar da samarin da ke buga ƙwallo duk mako. Ba wa kanka awa uku. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: in ba ka iya yin magana kana tafiya, saurinka ya yi yawa. Wanda ya tsaya a Dream Lake ya juyo bai yi asarar komai ba, a ganina ma ya fi na ƙarshen kyau.

Gargaɗi: a Yuli da Agusta ka kasance kana saukowa kafin azahar. Gari na iya wayewa tas, ƙarfe ɗaya ta yi sai ka ga baƙin girgije ya leƙo ta bayan dutse. Da ka ji tsawa juya, kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Aradu tana kashe mutane a gandun nan.

Za ka ga dogon dutsen Longs Peak, mai mita 4,346, yana kallonka ta ko'ina. Kalle shi kai ma, ka bar wa masu igiya da horo.

9. Ganin dabbobi ba tare da an kwana asibiti ba

Lokaci biyu ne, fitowar rana da gab da magariba. Da tsakar rana dabbobin suna cikin inuwa.

Elk wata ƙatuwar barewa ce, namijin yakan kai kilo 300, da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya. Wurin ganinsu filayen Moraine Park da Horseshoe Park a cikin gandu. A Satumba ka je awa ɗaya kafin faɗuwar rana, ajiye mota a inda aka tanada, kashe inji da fitila, ka yi shiru. Za ka ji kukan namijin, yana farawa da gurnani ya haura ya zama siririyar busa kamar ta sarewa, ya ƙare da tari. Baƙon da bai taɓa ji ba ba ya yarda daga bakin wannan ƙaton take fitowa. Namiji ɗaya yakan tara mata ashirin ko fiye yana kewaya su, in wani ya matso a haɗa ƙaho. Daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba an hana taka cikin waɗannan filaye daga 5 na yamma zuwa 10 na safe, daga bakin titi ake kallo.

Ragon dutse, ɗan uwan wanda ake samu a duwatsun Ayar amma mai ƙaho a naɗe, yana saukowa lasar gishiri a Sheep Lakes daga Mayu zuwa tsakiyar Agusta. Mus ya fi elk girma da saurin fushi, yana son wurin ruwa. Beyar baƙa da zakin dutse suna nan amma da wuya ka gan su.

Doka ita ce a bar tazarar mita 23 tsakaninka da elk ko ragon dutse, mita 36 ga mus da beyar. Dabarar ma'aikatan gandu mai sauƙi ce: miƙe hannunka, ɗaga babban yatsa, rufe ido ɗaya. In yatsan bai rufe dabbar duka ba, ka matso da yawa.

Gargaɗi: elk ɗin cikin gari ba na gida ba ne. Wani kawun matata da ya zo mana daga gida, mutumin da ya girma cikin shanu, ya ga wata tana kiwo a bakin tafki ya nufe ta yana tsaki irin na kiran saniya. Ta ɗaga kai, ta kwantar da kunnuwa baya, ta fara taka ƙasa. Na ce, "Kawu, don Allah ja da baya a hankali, kada ka juya mata ƙeya." Da ya dawo mota hularsa a hannu take, abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan ba ta san mutunci ba." Ashe ɗanta na kwance cikin ciyawa. A ƙarshen Mayu da Yuni uwaye ne abin tsoro, a Satumba mazan. A 2024, cikin kwanaki kaɗan, sau uku uwayen elk suka tattake mutane a cikin garin, biyu daga ciki yara ne. Riƙe hannun yaranka.

Kada a ba kowace dabba abinci, har ƙananan kuregun nan masu zane a baya da ke hawa takalmin mutum suna roƙo. Laifi ne mai tara, kuma suna cizo. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi haramun ne a gandun. Da dare kada a bar abinci a mota, a kuma kulle ta, beyar garin sun iya buɗe ƙofa.

10. Rana ta uku: Trail Ridge Road

Ka bar ta sai jiki ya saba. Hanyar kilomita 77 ce daga Estes Park zuwa Grand Lake, amma ba dole ka kai ƙarshe ba. Cika tanki a gari, babu gidan mai a gandun. Shiga kafin ƙarfe 9 ka huta da neman izini.

Tsaya a Many Parks Curve, sannan Rainbow Curve. Jim kaɗan bayan nan bishiyoyi za su gajarce, su karkace, su ƙare ƙaf, sai fili mai gajeriyar ciyawa da sararin sama. A Forest Canyon Overlook da Rock Cut duba kan duwatsu za ka ga wata dabba mai kama da rema tana shan hantsi, marmot ake ce mata. Kada ka sauka daga turba, ciyawar wurin in an tattake ta tana shekaru da yawa ba ta farfaɗo ba. Ofishin baƙi na Alpine, a kusan mita 3,600, yana da bayi da wurin shan shayi. Sanyin can yakan fi na gari da digiri 10 ko fiye, ga iska. Daga mota zuwa ƙofar ginin ma za ka ji kana haki, yi tafiyar hawainiya.

Gargaɗi ga direba: wurare da dama babu shinge a gefen hanya. In kana jin jiri ba wa wani tuƙin. A gangara sa ƙaramar giya, ko motar mai canza giya da kanta ce tana da L ko 2. Wanda ya sauko yana danne da birki tun daga sama zai ji warin ƙuna kafin ya kai rabi, daga nan birkin na iya ƙin kamawa.

A hanyar dawowa ratsa ta Horseshoe Park ka ga Alluvial Fan, tarin manyan duwatsun da ruwa ya gangaro da su ran 15 ga Yulin 1982, da madatsar Lawn Lake ta ɓalle. Ruwan nan har tsakiyar gari ya kai.

11. Tsohon gari

Ka ajiye shi don la'asar, lokacin da hadari ya kore ka daga dutse. Titi ɗaya ne, Elkhorn Avenue, awa biyu sun isa. Kada ka bi ta gaban shaguna duka zuwa da dawowa. Tafi ta titi, dawo ta Riverwalk, turbar da ke bayan shagunan a bakin kogi, wadda aka gina a gyaran da ya biyo bayan ambaliyar 1982. Akwai kujeru a inuwa, ruwa na gudu a gabanka, nan ne wurin zama da shayi.

Abin tsayawa a gani: gidan siliman Park Theatre mai doguwar hasumiya, wanda aka fara ginawa a 1913. Shagon The Taffy Shop da ke jan alewa mai danƙo tun 1935, injin yana juyawa a taga yara sun manne da gilashi. Gidan tarihin garin, shiga kyauta. Sai farin otal ɗin Stanley a kan tudu, wanda F.O. Stanley mai ƙera motocin tururi ya buɗe a 1909, bayan ya zo garin neman sauƙin tarin fuka. Zagayen cikinsa da kuɗi ne, hoto daga waje ya wadatar da yawancin mutane. Mai sauran ƙarfi ya hau motar igiya zuwa kan dutsen Prospect, wadda aka buɗe a 1955.

Yawancin shagunan riguna da kofuna suke sayarwa, iri ɗaya, don haka kada ka saya a na farko. Farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, ana ɗora haraji a wurin biya, kuma ba a taya kaya.

A gidan abinci kifin trout shi ne mafita, sai abincin Nepal da Indiya marar nama. Tambayi ko akwai naman alade ko giya a cikin miya, wake da salak, domin sukan barbaɗa shi inda ba ka zata ba. Mai kawo abinci ana ba shi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin, da shi yake rayuwa. Mutum ɗaya ya ƙiyasta dala 25 zuwa 35 a kowane zama.

Gargaɗi ga samari: a hanya za ku wuce shagunan wiwi masu lasin, har alewa da cakulan ake yi da ita. Jihar ta halatta, amma gandun ƙasar gwamnatin tarayya ce, a can laifi ne, kuma ga wanda ke zaune da biza abin yana iya taɓa takardunsa.

12. Saukowa

Ranar Lahadi daga azahar zuwa magariba US 36 takan cushe tun daga gari har Lyons. Ko ka tashi kafin ƙarfe 11 na safe, ko ka zauna ka yi magariba a bakin tafki sannan ka kama hanya. In da dare za ka sauko rage gudu, elk da barewa suna tsallaka titi ba sa duba kowa. Mai jirgi ya ware awa biyu da rabi zuwa filin jirgi, ban da lokacin mayar da mota, kuma ya cika tankin a Longmont ko Boulder, man kusa da filin jirgi ya fi tsada. A ba yara cingam ko a shayar da jariri a gangaren Lyons, nan ne kunne ke toshewa.